Ranar Da Na Fasa Auren Zainabu Da Yatsa Ɗaya

Ranar Lahadin da ta wuce Ummi, 'yar ƙanwata, ta zauna a kujerar aikina, ta kalli abin da nake yi na minti biyu, ta ce, "Inna, wai wannan ne aikin? Ai dannawa ce kawai. Ni a waya zan gama miki shi kafin ruwan shayi ya tafasa." Ƙawayenta biyu suka kwashe da dariya. Ban tanka ba, don tuwona na kan wuta. To yanzu na sauke, ga amsarki a rubuce, ke da duk mai irin tunaninki.

Sana'ata tura gayyata ce. Ba hoton katin nan da kuke watsawa a waya ba, wannan ko jaririn goye ya iya. Tawa ita ce wadda ake aikawa ta imel, ta shiga kalandar da ke cikin kwamfutar mutum, ta nemi ranar ta zauna, idan lokaci ya kusa ta buga masa ƙararrawa. Masu neman aikina su ne gidajen da baƙinsu ma'aikata ne: na banki, na jami'a, na asibiti, na kamfani. Irin mutanen nan, abin da bai shiga kalandar kwamfutar teburinsu ba, a wurinsu bai faru ba. Ka kai musu kati har gida da alawa da goro, su sa albarka, ranar ɗaurin aure su shiga mitin. Daga ɗakina nake yi, a nan cikin gari, tsakanin girki da wanki, kuma shekaruna a ciki sun fi na wasunku a makaranta.

Kayan aikin ba su da yawa. Akwai kwamfutar cinya da nake rubutu da ita. Akwai kalandar bango mai ɗauke da kwanan watan Musulunci da na bature a gida ɗaya. Sai babbar cikinsu, wata tsohuwar kwamfutar tebur da muke kira Gwaggo. Idan aka kunna ta sai ta yi nishi, ta yi tari, ta ɗauki lokacin da za ki iya yanka albasa ki soya kafin ta buɗe ido. Amma ba ta ƙarya. Manhajar kalandar da ke cikinta irin ta ofisoshi ce sak, don haka yadda gayyata ta bayyana a fuskar Gwaggo, haka za ta bayyana a teburin manaja. Adireshinta na cikin kowane jerin baƙi da na taɓa haɗawa. Babu bikin da aka yi ta hannuna da ba a gayyaci Gwaggo ba.

Wadda ta ba ni ita, ita ta koya mini aikin: Yaya Rabi, yayar maigidana, tsohuwar sakatariya da ta fara da tafireta ta yi ritaya a kan kwamfuta. Wata shida na yi ina zuwa gidanta a Ƙofar Ɗan Agundi bayan na sallami yara makaranta. Ba ta duka, amma tana da wata "uhm" da ta fi bulala. Darasinta guda ne, kullum shi take maimaitawa: "Ki tura wa Gwaggo tukuna. Abin da kika gani a naki allon naki ne. Na mutane kike nema."

Aikina na farko walimar saukar Alƙur'ani ce ta ɗan maƙwabciyarmu. Na rubuta ƙarfe huɗu na yamma, na duba sau uku, na tura. Ashe kwamfutar cinyar tawa ta hannu ce, daga Dubai aka kawo ta, kuma a zuciyarta har yanzu tana can. Na gyara agogon da hannu ya yi daidai da namu, amma ban gaya mata ta bar ƙasar ba. Da gayyatar ta isa kwamfutocin Kano, sai suka yi lissafinsu na gaskiya, suka ce huɗun Dubai ai ɗayan rana ce a nan. Ana idar da Azahar sai ga malaman jami'a uku sun yi sallama a zaure da manyan riguna, mata ko ƙullin waina ba su gama sa wa albasa ba. Haka aka shimfiɗa musu tabarma, suka ci ta farko daga tanda, ɗaya har yana cewa wannan ne tsarin da ya kamata a riƙa yi. Yaya Rabi ta zo ta nuna mini inda ake gaya wa na'ura garin da take, ta yi "uhm" ɗinta, ta tafi.

Wani suna da na yi wa wani gida a Ƙofar Dawanau, yatsana ya goga wani ɗan akwati da ke cewa a riƙa maimaitawa duk mako. Ban lura ba. Sati na uku wani akanta ya kira mijin mai jego, ya ce, "Malam, don Allah matarka duk Talata take haihuwa? Ni fa na gaji da barka." Tun daga ranar, akwatin nan nake fara dubawa.

Sauran kuma ƙanana ne, amma kowanne ya taɓa cizona. Ki ƙawata kati da furen zinare, kwamfutar ofis ta ƙi buɗe hoton, baƙo ya ga fanko. Don haka duk abin da ke jikin kati sai na sake rubuta shi da haruffa a ƙasa. Wurin adireshi na'ura na son sunan titi da lambar gida, mu kuwa a cikin gari sai dai "ka wuce masallaci, lungu na biyu, gida mai dakali kusa da mai markaɗe." Haka nake rubutawa, kuma ba a taɓa ɓata ba. Ga rigimar lokaci. Ki tambayi Hajiya ƙarfe nawa, ta ce bayan La'asar. Ki ce ƙarfe nawa za a tashi, don akwatin ba ya yarda a bar shi babu komai, ta ce, "Tashi? Sai abinci ya ƙare mana."

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne maɓallai ukun da ke saman kowace gayyata: na amince, wataƙila, ba zan zo ba. Duk wanda aka danna, amsar na dawowa gare ni. Mutumin Kano ba zai danna "ba zan zo ba", don kunya ba za ta bar shi ba. Ba kuma zai danna "na amince" ba, don wa ya san gobe in ba Allah ba? Kowa "wataƙila". Uwar amarya ta tambaye ni mutum nawa za su zo don a san buhun shinkafar da za a buɗe, in ce, "Hajiya, duk sun ce in sha Allahu." Ta ce, "To a dafa duka."

Yanzu ga shekarar da ba na mantawa.

Hajiya Ladidi mai turaren wuta, ta wajen Ƙofar Wambai, ta kawo mini aikin ɗaurin auren 'yarta Zainabu da wani yaro mai hankali, Mustafa. A ƙarshen Rajab ne, lokacin da kowa ke rububin aurar da 'ya kafin azumi. Kakan yarinyar, wani dattijon malami da duk unguwa ke ce wa Baba Malam, shi ya sa rana, kuma shi bai san wata Janairu ko Maris ba. Ya ce bakwai ga Sha'aban. Na duba kalandar bango, bakwai ga wata ta faɗo Juma'a, na rubuta Juma'a. Na tura wa Gwaggo, ta nuna lafiya lau, na tura wa jama'a. Rabin jerin baƙin mutanen Alhaji Garba ne, ƙanin mahaifin ango kuma waliyyinsa, manaja a wani kamfanin kayan gini. Shi ya riƙe Mustafa tun rasuwar mahaifinsa, kuma ya gayyaci ofishinsa kaf.

Ana saura mako guda, da safe, Hajiya Ladidi ta kira ni. "Kin ji ba a ga wata ba jiya? Rajab ya cika talatin. Baba Malam ya ce shi bakwai ga wata ya ce, bai ce Juma'a ba. Ki mayar Asabar."

Na ce, "Hajiya, ba za a roƙe shi a bar ta a Juma'ar ba?"

Ta ce, "Ke je ki roƙe shi."

Na ce to, Asabar.

Ku saurara da kyau a nan, don nan ne aikin yake. Kowace gayyata tana da wata ɓoyayyar lamba, kamar lambar katin asibiti. Idan rana ta canza, wannan gayyatar dai za ki buɗe, ki sauya ranar, ki tura gyara. Kalandar baƙo za ta gane lambar, ta ɗauke bikin daga Juma'a ta ajiye a Asabar, shiru babu hayaniya. Na san haka sarai. Amma a safiyar nan babu wuta, batirin kwamfutar cinya ya yi ja, wakena na neman kamawa a tukunya. Sai na ga hanyar da ta fi sauri ita ce in goge ta Juma'a in rubuta sabuwa. Na goge. Wani ɗan akwati ya fito yana tambaya da Turanci ko a sanar da baƙi. Na ce a raina, ai sanarwa abu ne mai kyau. Na danna. Na rubuta ta Asabar, na tura wa kowa gaba ɗaya. Na duba wayata: Juma'a fes, Asabar ga aure zaune daram. Gwaggo kuwa tana lulluɓe da atamfarta, babu wutar da za ta tashe ta. Na koma kan wakena.

Kafin Azahar sai ga Hajiya Ladidi da kanta, mayafi a karkace, sallamar ma rabi ta yi.

"Me kika aika wa mutane?"

"Gyaran rana, Hajiya."

"Gyaran rana! Gwaggon ango ta kira ni yanzu, ta ce tunda mun fasa, bayan La'asar za su zo su kwashe akwatunan lefensu. Zainabu na can ta rufe ɗaki tun ɗazu, ko ruwa ta ƙi karɓa. Alhaji Garba ya ƙi ɗaga wayar kowa. Ya ce gidan da ke fasa aure ta imel ba shi da sauran magana da su."

Na miƙa mata wayata. "Duba, wallahi ga shi nan lafiya, Asabar."

Ta kalle ni sama da ƙasa. "Wayarki ce waliyyin ango?"

Na kira Yaya Rabi. Ban gama bayani ba ta ce, "Kin tura wa Gwaggo?" Na ce babu wuta. Ta yi "uhm". Ta ce in sa a tayar da janareta, ga ta nan zuwa.

Mu uku muka tsaya a kan Gwaggo tana nishinta, ban taɓa jin tsawon tashinta irin na ranar ba. Da ta buɗe, sai ga abin da mutanen ofis suka gani. A gidan Juma'a, sunan Zainabu da Mustafa na nan, amma an ja musu layi ta tsakiya, a gabansu kuma an rubuta kansil, wato an fasa, da baƙin rubutu mai kauri. Gidan Asabar kuwa wayam, ko ɗigo babu.

Hajiya Ladidi ta ce, "Innalillahi. Wa ya soke mini 'ya da biro?"

Yaya Rabi ta zauna, ta gyara tabarau. "A wayarki tsohuwar ta ɓace, don kalandarki ce, ke kika goge. Kin duba madubi kin ce kowa ya yi kwalliya. A tebur ba ta ɓacewa, tsayawa take da layi a jiki har sai mai ita ya cire da hannunsa. Yanzu ina sabuwar?"

Muka nema. Ba ta cikin saƙonnin da suka shigo. Yaya ta buɗe kwandon da manhaja ke zuba saƙonnin talla, sai ga ta can kwance. Saƙo biyu masu kai iri ɗaya, minti biyu tsakani, zuwa ga tarin mutane: mai gadin imel ya bar na farko ya wuce, ya ɗauki na biyu ɗan talla ne ya jefa shi shara. Mummunan labari ya shiga ta ƙofar gaba, mai daɗin an tsare shi a bola.

Na ce, "To bari in sake turawa kaɗan-kaɗan, mutum goma-goma, in canza kan saƙon."

Ta ce, "Za ki tura. Na'ura za ta gyaru. Garba ne ba zai gyaru ta imel ba. Ɗauko hijabinki."

Na kira maigida a kasuwa na nemi izini. Ya ce, "Aure kika fasa? Ke da ko kaza ba kya iya korarwa?" Ya ce in je. Muka bar Hajiya Ladidi ta koma ta tsare ƙofar ɗakin lefe, mu kuma muka biya ta wurin Baba Malam. Ya saurare mu yana jan carbi, ya sa aka ɗauko goro a ganye, ya ce, "Ku kai masa. Ku ce laifin nawa ne da ban tashi mutum ba. Amma ranar tana nan, bakwai ga wata." Muka tari adaidaita, ƙarfe biyu ta gota.

Abin da ban sani ba sai a hanya shi ne, Yaya Rabi ta san Alhaji Garba tun yana ƙaramin akawu a ma'aikatar da ta yi aiki. Don haka da sakatarensa ya ce Alhaji ba ya ganin kowa, sai ta ɗaga murya yadda za ta ratsa ƙofa: "Ka ce masa Rabi ce, wadda ta koya masa sa takarda a tafireta ba a juye ba."

Aka buɗe.

Babban mutum ne, hularsa a ture gaba, fuska a murtuke. Ko gaisuwar kirki bai bari an gama ba ya juyo mana da allon kwamfutarsa. "Hajiya Rabi, karanta. Ke kin yi boko."

"Na karanta a gida, Garba."

"Ina shigowa da safe akantanmu ya tare ni, wai Allah ya sa haka ne mafi alheri. Injiniya ya riƙe hannuna ya ƙi saki. Masinja, Hajiya Rabi! Masinja ya yi mini jaje! Shi da ba shi da kwamfuta ma, a bakin mai shayi ya ji. Yaron nan maraya ne, ni na riƙe shi. In sun ga aibunsa, ba sai su turo dattijai ba? Sai a ja wa sunansa layi kamar odar siminti?"

Na durƙusa a gefen tebur. Na ce, "Ranka ya daɗe, ba su fasa ba. Ni ce na fasa."

Ya leƙo ta saman tebur. "Ke kuma wace ce a gidan?"

"Ba 'yar gidan ba ce. Ni ce mai tura gayyata."

"To ke da wa kuka yi shawara?"

"Ni da wake ne, ranka ya daɗe. Yana ƙonewa."

Yaya Rabi ta juya kai tana gyara mayafi, na san dariya take dannewa. Shi kuwa bai yi ba. Ya ce an dai ga abin ya yi zafi ne aka turo mata su shafa masa ruwan sanyi; ya san irin wannan. In da gaske rana kawai aka ɗaga, ina sabuwar gayyatar? Ya buɗe Asabar da kansa, ya nuna mini fili.

Na ce, "A ba ni izini in taɓa linzamin kwamfutar."

Ya ja kujerarsa baya kamar na ce zan taɓa masa aljihu. Yaya ta ce, "Ba ta, Garba, ba za ta cinye ba." Ya tura mini.

Na yi bisimilla na buɗe kwandon sharar imel ɗinsa, ina addu'a a raina Allah ya sa bai taɓa zubarwa ba. Bai taɓa ba, tun da aka sayi kwamfutar. Ga masu tallan maganin rage tumbi, ga masu cewa ya ci gasar da bai shiga ba. A can sama, tsakanin wani mai sayar da fili da wani mai maganin sanƙo, ga Zainabu da Mustafa, Asabar, ƙarfe sha ɗaya na safe.

Na ce, "Ranka ya daɗe, duba lokacin da ta shigo. Sannan ka duba lokacin waccan mai layin."

Ya sa tabarau, ya duba wannan, ya duba waccan. "Minti biyu."

"Minti biyu."

"Wato sun fasa, suka yi nadama a minti biyu?"

"Wata ne ba a gani ba, Alhaji. Baba Malam kuwa da wata ya sa rana."

Ya sake duba allon. Na ɗauka an gama. Sai ya cire tabarau ya ce, a hankali wannan karon, "To na ji, na'ura ta yi shirme. Amma ko da ba ta yi ba fa? An ɗaga ranar auren ɗana, ni waliyyi, sai dai in gani a allo tare da masinja? Lokacin da muka je neman auren nan, da ƙafa muka je."

Gaskiya ya faɗa, kuma wannan ba ta cikin abin da linzami ke gyarawa. Yaya Rabi ta kwance ganyen goron ta ajiye a gabansa, ta isar da saƙon Baba Malam kalma da kalma, har da "ranar tana nan, bakwai ga wata."

Nan ne bakinsa ya motsa. "Tsohon nan! Haƙurin ma sai ya haɗa da umarni." Ya ɗauki goro fari ya ɓare, ya ba Yaya rabi. Ya dubi agogon bango, uku da kwata. Ya ɗauki waya ya kira ƙanwarsa: "Ku ajiye mayafanku, babu inda za ku. Aure na nan. A'a, wata ne. Wata na sama, Hajara, wane wata kuma?"

Na dawo da gayyatar daga shara, ta hau gidan Asabar, maɓallai ukun nan suka fito. Ya tambayi aikinsu, na gaya masa, na ƙara da cewa mutane duk na tsakiya suke dannawa.

Ya ce, "In na danna wataƙila, gobe a ce waliyyin ango bai tabbatar ba, a sake zuwa kwasar akwati." Ya kai yatsa kan na farko. Manhajar ta tambaye shi ko zai haɗa da wani saƙo. Ya juya allon ya kare da kafaɗa kamar ɗan jarrabawa, ya daɗe yana rubutu da yatsa ɗaya, ya tura.

Hukuncina kuwa bai yafe ba. Ya sa na bi ofishin nan tebur-tebur, ina cire mai layin, ina tono sabuwar daga shara, kowa na tambayata, "Au, ke ce?" A ɗakin sakatariyarsu muka yi La'asar. Masinja kuma Alhaji da kansa ya kira shi ya ce ya zo ya janye jajensa. Sauran baƙin da ba na ofishin ba na sake tura musu goma-goma da yamma, da kan saƙo mai cewa aure na nan, rana ce ta matsa, bayan Gwaggo ta gani ta yarda.

An ɗaura ranar Asabar, bakwai ga wata. Zainabu ta aiko mini da ƙwaryar alkaki da saƙon cewa ta yafe, amma ko aikin gayyatar sunan 'yarta ba za ta ba ni ba. Ta ba ni, shekara biyu bayan nan.

Sai dai wani laƙabi ya bi ni. Mai Kansil. In shiga gidan biki, wata ta ce, "Ku ɓoye amarya, ga ta nan." Daga azumin nan har bayan babbar Sallah babu wanda ya kawo mini ko walimar tarewa. Gwaggo ta yi watanni a lulluɓe, ni kuma na koma saƙa hular jarirai. Wanda ya fara dawo da ni shi ne Alhaji Garba, da auren 'yarsa ta biyu. Ya ce wa matarsa a kai wa yarinyar nan aikin gayyata, ita ta riga ta san inda ake faɗawa. Mutanen ofishinsa suka biyo baya, har da injiniyan.

Saƙon da ya rubuta yana karewa da kafaɗa kuwa, na same shi a ranar da na dawo gida. A duk shekarun da na yi a aikin nan, shi ne mutum ɗaya tak da ya taɓa danna "na amince", don haka na sa aka buga mini shi a takarda, yana nan manne a gefen Gwaggo. Ga abin da ya ce: "Na amince in sha Allahu. Amma idan wata ya sake motsi, a turo mutum."

Shi ya sa yanzu, idan aka kira ni aka ce rana ta canza, tambayata ta farko ba ta kwamfuta ba ce. Nakan ce, an je an gaya wa waliyyai? In an ce tukuna, in ce to a je, ina jira. Sai ƙafa ta je ta dawo, sai in duba garin da agogo yake, in buɗe gayyatar da ke nan ban goge ba, in sauya rana, in jira wuta komai daɗewarta, in tura wa Gwaggo ta gani. Bayan duk wannan ne nake dannawa.

Dannawar ce ta ƙarshe, Ummi. Ita kaɗai kika zo kika tarar.